Buhu Bakwai

A rumfar babana, can Tudun Hatsi,
bayan sikeli, ƙarƙashin tarin tsofaffin buhuna,
akwai gwangwanin madara mai tsatsa a baki.
Mun san shi yadda muka san rijiyar gidanmu:
kewayewa ake yi, ba a leƙawa.
Ina 'yar shekara tara na ce, me ke ciki?
Bai ɗago daga awo ba, ya ce, "Amana."

Na ce, ajiya ke nan?
Ya ce, "Ajiya ai ko rami ya iya ta.
Tona ki binne, baɗi ki tarar.
Sai dai rami ba ya jin yunwa, ba shi da 'ya'ya,
ba a kawo masa takardar asibiti da tsakar rana."

Na ce, to bashi ne?
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Bashi yana da shaidu, yana da ranar biya,
mai shi yana da ƙafar zuwa ƙofarka da asuba.
Wannan kuwa Yila na Kaltungo ya miƙo mini,
ƙafarsa ɗaya cikin mota, direba na ta oda,
ya ce, 'Jalo, riƙe mini, zan leƙa Kudu.'
Ba takarda, ba na uku.
Kuɗin wake buhu bakwai, iyakar abin da ya ɗebo a gona."

Daga nan na riƙa kasa kunne ga kalmar a bakin 'yan kasuwa.
Ba a aron ta, ba a tayin ta.
Ba da ita ake yi,
ɗauka ake yi, kamar kaya ba gammo,
riƙewa ake yi, kamar ƙwai cikin turmutsutsun ranar kasuwa.
In ta salwanta, Bahaushe bai ce ta faɗi ba,
cewa ya yi an ci ta,
don ya san ƙofar da ɓarawonta ke bi: ciki.
Ya kuma ce ita ma tana cin mutum,
in ta tashi ci, ba ta rage ko suna.

Shekarar da Inna ta kwanta,
mashin ɗinsa ya tafi, babbar rigarsa ta bi baya.
Gwangwani na nan.
Ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa,
na yi mako ban gaishe shi da kyau ba.
Da aka canza kuɗi ya bi layin banki kwana uku
saboda takardun da ba nasa ba,
ya dawo da kumburin ƙafa, ya sami tabarma ya zauna.

Wani dare na same shi yana ƙirga su da tocila.
Ya ce, "Hajjo, ban taɓa ko sisi ba,
amma duba yadda take ramewa.
Abin da ya sayi bakwai, yau biyu sun gagare shi.
Ashe riƙo kaɗai bai isa ba."
Ya ɗauki gawayi ya rubuta a bango:
Yila, buhu bakwai.
"Ba lamba ya bar mini ba,
gumin daminarsa ya sa a hannuna."

Bara, bayan mun yi arba'in ɗin Baba,
wani saurayi ya tsaya gaban sikeli,
goshin Yila sak, Hausarsa da karin Fatakwal.
Ubansa ya rasu can; bai bar masa komai ba sai suna biyu:
Jalo, Tudun Hatsi.
Na sa 'yan dako suka fito da wake.
Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce,
"Ni shida ya gaya mini."
Na nuna masa bango, na ce,
wanda ya bayar yana iya mantuwa,
wanda ya riƙe ne ba ya kwana.

Gwangwanin yana nan bayan sikeli.
Basilla da zaren ɗinkin buhu nake zubawa ciki.
Jiya ɗana ya girgiza shi, ya ce, me ke nan?
Na buɗe baki, na rufe,
na ce, zo nan tukuna, zauna.